Kawu da Moɗar Gwamnati

Ina cikin aji a Madawa, ina duba rubutun yara, aka kira ni a waya aka ce Kawu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kama hannuna ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, a lokacin da ba a cika kai ƴaƴa mata ba. Na bar yaran a hannun abokiyar aikina, na shiga motar kasuwa zuwa Buza, daga can na hau moto, wato babur, zuwa ƙauyenmu da ke cikin kwari ta wajen Keita. Ko da na isa, an riga an kai shi makwancinsa.

Kaka ce, an gama yankan hatsi. Na tarar da mahaifiyata zaune kusa da matar Kawu, wadda dukanmu muke ce wa Inna. Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ce, "Kin iske an tahi da shi. Bai wahala ba. Sai haƙuri."

Dangi da maƙwabta na san za su zo, sun kuma zo. Waɗanda ban zata ba su ne suka tsaya mini a rai. Washegari da hantsi sai ga matan tungar da ke ƙetaren ƙorama sun shigo a jere, kowace da tulu a kai. Suka cika randunan gidan kafin su zauna gaisuwa. Inna ta ce sun wahalar da kansu, akwai yara masu ɗebowa. Babbarsu ta ce, "Ruwan ga nashi na. Abinshi munka kawo mishi."

Bayansu wani makiyayi mai rawani ya zo daga arewa, ba wanda ya san shi a garin. Ya zauna da maza a waje, sannan ya nemi izinin gaida uwar gida. Ya tsaya bakin zaure ya yi wa Inna ta'aziyya, ya ce, "Ban taɓa ganin huskarshi ba, muryarshi kaɗai na sani. Wani ya ba ni lambarshi ga kasuwar bisashe. In damana ta kama in kira shi in ce, 'Malam, ina anka yi ruwa?' Shi hwaɗa mini inda ciyawa ta hito da inda ba a samu ba. Bai taɓa tambayata ɗan wane ne ni ba."

Ta bayan darni kuma na ji muryar wani tsoho, sa'an Kawu, yana cewa, "Allah shi jiƙan shi, amma dai mutum na mai gardama. In ka ce mishi jiya an yi ruwa da yawa, sai shi ce, 'Da yawa nawa?'" Mazan suka yi ƴar dariya a hankali, irin wadda ake yi a zaman makoki in an tuno mutum sosai. Inna ma ta yi murmushi ta share ido.

A nan na ƙudura zan rubuta abin da na sani game da shi. Jikokinsa ƙanana ne. In ba a rubuta ba, abin da za su tashi su gani shi ne baƙin fenti a bangon zaure, ba su san dalilinsa ba.

Gidan su mahaifiyata tsofaffin Azna ne, masu bin addinin gargajiya a da. Kakan Kawu yana cikin masu hawa dutsen da ke bayan gari a farkon shekara, su dawo su faɗi yadda damina za ta kasance. Abin da ake faɗa wa taro kaɗan ne. Wanda yake son sanin ranar da ya kamata ya yi shuka, sai ya bi tsohon gida da kaza ko akuya. Mahaifin Kawu ya musulunta ya bar wannan duka. Ya ba da babban ɗansa ga karatun allo, shi ne muke ce wa Babban Kawu, wanda ya zama na'ibin limamin garinmu. Ƙaramin kuma, Kawuna, aka kai shi lakwal. Bai yi nisa ba, amma ya fita da lissafi da ɗan Faransanci. Ya yi shekaru yana zuwa cin rani bakin teku kamar sauran samarin Adar, sannan ya dawo gida lokacin da ake aikin jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwa da dasa itatuwa. A wurin wannan aiki ma'aikatan gona suka ga yana iya rubutu, suka ba shi ma'aunin ruwan sama.

Wani mazubi ne na roba mai zane-zane a jiki, an kafa shi a kan sanda a filin da ke gefen gidansa, nesa da itace da bango. Mutanen gari suka sa masa suna moɗar gwamnati. Duk ranar da aka yi ruwa, da an idar da sallar asuba gari ya yi haske, za ka ga Kawu ya nufi wurin, takalma a hammata, tabarau ɗaure da zare. Ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, ya karanta, ya zubar. Daga nan ya shiga gona ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya. Yakan ce moɗa tana faɗin abin da sama ta bayar, hannu yana faɗin abin da ƙasa ta karɓa, kuma ba kullum suke yarda da juna ba. In ya gama sai ya kira ma'aikacin yanayi na Keita ya faɗa masa.

Shekara da shekaru haka yake yi, ba albashi, sai ɗan abin sa wa waya. Wata rana ya tambayi ma'aikacin ina abin da yake faɗa masa yake zuwa. Ya ce masa yana wucewa Tawa, daga can Yamai, a haɗa da na sauran garuruwa, a fitar da bayani a kai a kai, da hasashen yadda damina za ta kasance. Ya ce ana sa shi a intanet, kowa yana iya gani.

Kawu ya ce, "Kowa?"

Ya ce, "Kowa."

"To, ni ban gani ba, kuma ina cikin kowa."

Na zo hutu a lokacin, ina da babbar waya. Ya ce in nemo masa. A garinmu rezo, wato sabis na waya, ba ya samuwa da ƙarfi sai an hau dutsen bayan gari, don haka muka hau tare, yana gaba ina baya ina haki. Na sha wahala kafin shafin ya buɗe. Da Faransanci yake, irin na masu ilimi, ga taswirar ƙasa an shafa mata launi-launi. Na riƙa karantawa ina juya masa da Hausa. Ya sa na buɗa taswirar har muka kai wajen Keita da Buza. Ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Cikin wanga launi akwai ruwan da na auna?"

Na ce, "Akwai, Kawu."

Can ya ce, "Ashe ba rami nika zuba shi ba." Da muna saukowa ya ƙara da cewa, "Amma ɗiyata, abin da anka aje inda sai mai babbar waya da Hwaransanci ka iya kaiwa, ba a gama aje shi ba. Da saura."

Sauran shi ya ɗauka. Ya sayo baƙin fenti a kasuwar Buza ya shafe gefe guda na bangon zaurensa. A nan yake rubuta ruwan kowace rana da alli, da ajami, don masu karatun allo sun fi masu boko yawa a garin. Ni kuma duk sanda sabon bayani ya fito, sai in jira ranar da muka shirya, ya hau dutse da ƙaramar wayarsa, in karanta masa daga Madawa. Ba ya barina in wuce kalma. In na ce "za a yi," sai ya ce, "Za a yi sunka ce, ko ana zato?" In koma in duba, in ce ana zato. Ya ce, "To ki ce ana zato." Bayan la'asar yakan zauna ƙarƙashin bangon, wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba ya tambaya. Mata ba sa zama a nan, sai ya riƙa faɗa wa Inna, ita kuma ta kai bakin rijiya.

Ba ya cewa gwamnati ta ce. Yakan ce an auna. Ba ya son a yi masa godiya a kan wannan, kuma ba ya son a yi wa hukuma. Yakan ce, "Wanda ya auna ruwanka ya hwaɗa maka, ba kyauta ya yi maka ba, naka ya maido maka." In wani ya ce ai lissafi ba ya kawo ruwa, sai ya ce, "Ƙwarai. Hitila ma ba ta gyara hanya, amma ka ga rami." Yana da gajen haƙuri da masu jita-jita, yana da dogon haƙuri da masu tambaya. Tsohuwa za ta tambaye shi abu ɗaya sau da yawa, ya amsa mata kamar yau ta fara.

Maganar famfo ni na jawo ta, ba da niyya ba. Ina neman wani abu don darasin yara sai na ci karo da shafin da hukuma ta jera wuraren ruwan sha na kowane gari. Na duba namu. An rubuta muna da famfo mai aiki a cikin gari, da wani mai aiki a tungar ƙetaren ƙorama. Na tungar kuwa ya mutu tun ban gama makaranta ba. Matan can suna tono cikin yashin ƙorama da rani, ko su yi doguwar tafiya zuwa namu, su bi layi bayan matan gari. An sha kai kuka, amsar kullum ita ce a yi haƙuri, akwai garuruwan da ba su da ko ɗaya.

Da na faɗa wa Kawu, na ɗauka zai fusata. Ni na fusata. Na ce ƙarya aka rubuta.

Ya ce, "Takarda ba ta yi ƙarya ba, tsuhwa ta yi. Ranar da anka rubuta ta, shina aiki. Ba wanda ya koma ya hwaɗa mata ya mutu."

Ya je wurin maigari ya nemi izini, sannan ya ƙetara tunga ya ce mata su zaɓi waɗanda za su tafi meri, ofishin magajin gari, tare da shi. Mazajensu suka ce ai shi kaɗai ya isa. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar tulu daga ƙorama ba, ba zai iya faɗin nauyinsa ba. Mata uku suka shirya, har da babbar nan da ta kawo ruwa ranar makoki. Na bi su da wayata. A meri Kawu ya gaisa da ma'aikacin ruwa, ya sa na nuna masa shafin, sannan ya ja baya ya ba matan wuri. Matan suka yi magana, da farko murya ƙasa-ƙasa, daga baya babbar ta kwance ɗankwali ta nuna masa inda gammo ya cinye mata gashi. Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya ce shi ma daga wannan jerin yake aiki, kuma bai daɗe da zuwa ba. Bayan ƴan kwanaki ya zo da moto, ya kama hannun famfon da kansa ya ji ba komai, ya rubuta.

Gyaran bai zo da wuri ba. An ɗau lokaci har wasu suka fara tsokanar Kawu, suna cewa an gyara famfon a cikin waya, sai a je can a sha. Ba ya tanka musu. Duk ranar kasuwa in ya je, sai ya leƙa meri ya gaida ma'aikacin, ya tambayi iyali, ya tafi, ba ya ko ambaton famfo. Da aka tashi zagayen gyara na gaba, tunga tana ciki.

Abin da ya fi yi masa ciwo a rayuwarsa, a sanina, shi ne saɓaninsa da yayansa. Ban kasance a wurin ba, mata ba sa tsayawa a ƙofar masallaci, amma duk wanda ya ba ni labarin iri ɗaya ya bayar.

Wata shekara hasashe ya nuna ruwa zai fara da wuri, sannan ana zaton zai ɗauke na tsawon lokaci kafin damina ta zauna. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauko sungumi. Kawu ya duba moɗa, ya tona ƙasa, ya ce laimar ba ta yi zurfi ba, wanda irinsa kaɗan ne ya dakata. Bayan sallar azahar Babban Kawu ya tsayar da shi a gaban jama'a.

Ya ce, "Ubanmu ya raba mu da dutsen ga. Yanzu kai ka koma kana hawanshi, kana saukowa kana hwaɗa ma mutane abin da za ya hwaru gobe. Mi ya raba ka da kakanmu?"

Kawu ya ce, "Yaya, rezo nika nema bisa dutse."

"Shi ma wani abu shika nema. Gaibu na Allah na. Allah ya ba da ruwa, kai ka ce a ƙi shibka."

"Ban san gaibu ba. In ka ga hadari ya taso gabas ka ce a kwashe shanya, gaibu ka sani? Waɗanga sun hi mu ganin nesa, shi ke nan. Kuma kakanmu sai an kai mishi akuya. Wanga ga shi ga bango, kowa shi karanta, wanda ya so shi bi, wanda bai so ba shi bari."

Babban Kawu ya ce, "Mai duba ma hakanan shika cewa." Ya juya ya tafi.

Garin ya rabu. Wasu suka shuka, wasu suka dakata. Ruwa ya ɗauke kamar yadda aka yi zato. Hatsin da ya tsiro ya ƙone a tsaye, har da na Babban Kawu. Kawu ya ma daina zama ƙarƙashin bango na ƴan kwanaki don kada a ce yana jiran a zo a ba shi gaskiya. Da ruwa ya dawo, ya ba Inna iri a ƙwarya ta kai gidan yayansa. Aka dawo da ƙwaryar yadda take. Babban Kawu ya ce wa Inna ta gaida mijinta, boka ma yakan dace.

Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Kawu yana bin sallah a bayan yayansa in liman ba ya nan, su yi musabaha, kowa ya kama hanyarsa. Mahaifiyata, ƙanwarsu, ta yi ta kai da kawo har ta gaji. Ta ce mini tun suna yara haka suke, in ɗaya ya ce tuwo ya yi zafi, ɗayan sai ya ƙona baki don ya nuna bai yi ba.

Bayan wannan shekara mutane suka yarda da bangon Kawu fiye da yadda shi kansa yake so. Yana cewa ana zato, suna jin an tabbatar. Sai wata damina ta zo da irin hasashen can: a yi hattara da ruwan farko. Ya faɗa, kuma wannan karon kusan rabin gari suka dakata. Amma a kwarinmu ruwa bai ɗauke ba. Ya yi ta sauka a kan kari tun daga farko, sannan ya tsaya da wuri. A wasu garuruwan yankin hasashen ya yi daidai, a namu bai yi ba. Waɗanda suka shuka da ruwan farko suka cika rumbu. Waɗanda suka jira, hatsinsu yana cikin fitar da kai ruwa ya janye.

Cikin waɗanda suka jira akwai matar marigayi maƙwabcinsa, mai marayu, wadda gona ɗaya gare ta. Abin da ta samu bai kai ta tsakiyar rani ba.

Na kira shi ina kuka. Na ce ba zan ƙara karanta masa komai ba, da bakina wannan magana ta shigo garin.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kin karanta abin da ba a rubuta ba?"

Na ce a'a.

"Sun ce tabbas?"

Na ce a'a, ana zato suka ce, kuma na yankin gaba ɗaya ne.

"To ba ki da laihi, su ma ba su da. In mun bar karantawa don ya kuskure sau guda, mun koma jiran mai akuya. Abin da ya rage shi na a hwaɗa ma mutane ya kuskure, da baki ɗaya da anka hwaɗa musu ya dace."

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya nemi jama'a su ɗan tsaya. Ya ce ga abin da aka yi zato, ga abin da ya faɗa musu, ga kuma abin da moɗa ta auna tun daga ruwan farko har na ƙarshe, duk yana bango, bai goge ko ɗaya ba. Ya ce hasashen bai dace da kwarinmu ba a bana, shi kuma da ya ga laima ta fi ta waccan shekara zurfi, ya kamata ya ce a raba iri biyu, a shuka rabi a riƙe rabi, bai ce ba. Ya ce wanda ya yi asara ta dalilin maganarsa ya yafe masa.

Wani daga cikin waɗanda suka yi asara ya ɗaga murya. Ya ce yafiya ba ta cika rumbu, a tumɓuke sandar nan a jefar da moɗar, tun da can an faɗa musu duba ne. Wasu suka mara masa baya. Ya juya wajen Babban Kawu, yana jiran ya ƙarasa masa.

Babban Kawu ya daɗe yana jan tasbaha. Sannan ya ce, "Ni na ce duba na, kuma ga wurin ga na hwaɗe ta. Na tashi gidan masu duba. Ban taɓa ganin wanda ya tara jama'a ya ce ga inda na kuskure, ku zo ku ƙirga ba. In abinsu bai kama ba, sai su ce kai ne ba ka cika sharaɗi ba. Wanga ba duba ba ne. Awo na, kuma mai awo shina kuskure. A bar sanda inda take."

Mahaifiyata ta ce da labarin ya iso cikin gida, Inna ta ajiye muciya ta shiga ɗaki.

Zancen maƙwabciyar kuwa, sai bayan rasuwarsa Inna ta faɗa mini. Ya san in ya aika mata da hatsi a matsayin sadaka za ta ji nauyi, in ya ce diyya ce za ta ƙi karɓa. Sai ya je ya ce mata rumbunsa ya tsage, yana neman wurin ajiya, ko za ta bari a zuba dammansa a nata, ta riƙa ɗiba a madadin tsaro. Ta gane, shi ma ya san ta gane. Ba wanda ya taɓa tayar da maganar a cikinsu. A shekarar gidan Kawu ma da ƙyar suka kai sabon hatsi, Inna ta sayar da tunkiyarta.

Tun daga lokacin ya canja yadda yake faɗa. Ba ya ƙara cewa a dakata ko a shuka. Yakan ce ga abin da aka yi zato, ga abin da moɗa ta ce, ga inda laima ta tsaya, gona taka ce. Daga baya aka kafa ƙarfen rezo kusa da mu, hawan dutse ya ƙare, samari da yawa suka sami manyan wayoyi. Duk da haka suna zuwa bango, don a waya ba a rubuta ruwan unguwarsu ba.

A shekarunsa na ƙarshe idonsa ya yi rauni, tabarau ya daina taimakonsa. Babban Kawu ya girme shi, amma har yau yana karanta ƙananan rubutu ba tare da komai ba. Ba wanda ya san yadda suka shirya. An dai wayi gari wata damina an ga tsofaffi biyu sun nufi fili bayan asuba, ɗaya da sanda, ɗaya da takalma a hammata. Babban ya durƙusa ya karanta, ƙaramin ya ce bai sunkuya sosai ba, ya sake. Su yi ta musu har su dawo zaure. Mutane sukan fito ƙofar gida don kallonsu kawai.

Ruwan ƙarshe na bana ya same shi a kwance. Babban Kawu ya je shi kaɗai, ya dawo ya zauna bakin gadonsa ya faɗa masa. Inna ta ce Kawu ya buɗe ido ya ce, "Ka zubar bayan ka karanta?" Ya ce ya zubar. Ya ce, "To madalla."

Ranar da zan koma Madawa na je yi wa Babban Kawu sallama. Yana zaune a zaurensa kan buzu, ya rame a ƴan kwanakin nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini addu'a. Na yunƙura zan tashi sai ya ce in dakata. Ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayar Kawu, ya riƙe ta a tafin hannu kamar bai san ta inda ake kama ta ba.

Ya ce, "Wanga abu da kika karanta mishi. In damana ta matso, ki kira nan."

Na ce, "To, Kawu."

"Ki riƙa hwaɗi sannu-sannu. Ni ban yi lakwal ba, kuma zan yi miki gardama."

Na ce na saba.

Ya gyaɗa kai, ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ni ya kamata shi wanke. Ni na riga shi zuwa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ruwan farko ke sanyaya ƙasar Adar. Ya ba Inna da yayansa da ƙanwarsa haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.